Kyanwa Biyu a Mangazar Tattasai

Bari in faɗi da bakina tun kafin wani ya faɗa mini: ni wawa ne, kuma wautar tawa ba ta ƙuruciya ba ce, da furfurata na tafka ta. Mutanen Diffa suna zuwa ƙofar Bulama, wato mai unguwarmu, a kan iyakar gona, ko shanun da suka faɗa wa tattasai, ko katangar da ruwa ya kayar cikin gidan maƙwabci. Ni kuwa, dattijon da ya aurar da ƴaƴa ya ga jikoki, na zura rigata ta Juma'a, na ɗauki sanda, na nufi ƙofar nan saboda kyanwa. Kyanwar ma ba tawa ba.

Karatuna bai yi nisa ba. An sa ni lakwal, wato makarantar boko, amma tagar ajinmu tana kallon hanyar kogin Komadugu, kuma kifi ya fi mushe, malamin ajin, iya kira. Da na girma na shiga dakon tattasai a kasuwa, da baya ya gaji na koma dillanci, da ƙafa ta gaji na koma zaman bakin rumfa ina gyara wa mutane zancensu ba su tambaye ni ba. Abu biyu na sani a duniya, tattasai da abin da bai shafe ni ba.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu take zaune gidan ɗanta na fari. Ɗan nata direba ne a wani foroje na masu ba da agaji, irin waɗanda suka cika gari da fararen motoci tun da mutanen bakin ruwa suka fara gudowa. Shugabarsa a wurin aikin wata Anasara ce, mace mai kirki in ji shi, ba ta da miji ba ta da ɗa a nan, sai kyanwa biyu. Da aikinta ya ƙare za ta koma ƙasarsu, ɗaukarsu bai yiwu ba. Ta duba duk ma'aikatan, ba ta ga wanda ta yarda da shi kamar direbanta ba. Ta damƙa masa su amana, tana kuka, haɗe da kwanukan cin abincinsu da wani buhu na abincin nasu, ƴan ƙulalai kamar kashin awaki.

Ranar da aka kawo su na je kallo, don ba a yin abin kallo a dangi ba ni. Ɗaya mace ce, fara mai baƙin kunne. Ɗayan ja ne, namiji, amma an daɗe da dandaƙe shi, muzuru ne a suna kawai. Ƙiba kuwa kamar an cusa auduga a matashi. A ɗaki mai na'urar sanyi aka haife su, a nan suka girma, ƙafarsu ba ta taɓa sanin rairayi ba. Da aka ajiye jan a tsakar gida ya taka ƙasa, sai ya ɗaga ƙafa yana karkaɗewa yana dubanmu, kamar ya ce wa ya zubar da wannan abu a nan. Muka yi ta dariya. Ni na fi kowa.

Muddin buhun nan yana da sauran abu a ciki, lafiya lau aka zauna. Da ya ƙare ne aka shiga uku.

A wurinmu kyanwa ma'aikaciya ce. Ba a ba ta abinci, sai dai ta lashi abin da ya zube. Kowace tsohuwa a garin nan za ta gaya maka cewa kyanwar da ta ƙoshi ba ta kamu, yunwa ce ke fito mata da farce. Ni ma a kan haka na tashi, kuma ban taɓa ganin ya ɓaci ba, don kyanwoyinmu tun suna shan nono uwarsu ke jawo musu ɓera da ransa su yi wasa da shi. To matar ɗan ƙanwata tana sayar da tattasai. Tana da mangaza, wato ɗakin ajiya, a bayan gida, ginin bulo da rufin kwano, babu taga sai wata ƴar kafa can sama. Ɓeraye sun addabe ta, suna huda buhuna suna cinye ƴaƴan tattasan. Ta duba ga ɓera ba kyanwa, ga kyanwa ba aiki. Ta kwashe su ta zuba a mangaza, ta ja ƙofa, ta danna kwaɗo.

Wanda bai taɓa shiga mangazar tattasai da bazara ba bai san wahala ba. Tattasai ba ya cizo a baki kamar barkono, amma in ƙurarsa ta taru ƙarƙashin kwano mai zafi, ido da hanci suke biya. Mu ƴan dako sai mun naɗe fuska da rawani muke shiga, mu fito muna hawaye kamar an yi mana rasuwa.

Wata ranar bayan la'asar na je gaida ƙanwata. Na ɗauki buta na zaga baya, sai na ji atishawa, ƴar siririya. Har na ce yarhamukallahu kafin in tuna babu mutum a wurin. Aka sake yi. Na bi sautin har ƙofar mangaza, na durƙusa da ƙyar, na kanga ido a ƙarƙashin ƙofar. Idanu huɗu na gani, duk sun yi jawur suna zubar da ruwa. Audugar nan ta zube, saura ƙashi da fata. Ina cikin kallo wani ƙaton ɓera ya sauko daga kan buhu, ya ratsa ta gabansu yana tafiyar ƙasaita kamar shi ya biya kuɗin ginin. Jan muzurun ya ja da baya ya ba shi hanya.

Na dawo tsakar gida na tarar da matar ɗan nawa tana tankaɗe.

"Ƴata, waɗancan bayin Allah na mangaza, me suke ci?"

Ta rusuna, ladabi dai ba a fin ta. "Ɓera, Baba."

"Kin ga sun ci?"

"Ai ba a gabana za su ci ba, Baba. Su ma da kunyarsu."

"Ruwa fa?"

"Na zuba musu a kasko ranar da na rufe su."

"Wace rana ce wannan?"

Ta ɗaga kai tana lissafi da sama, daga nan ta ce, "Bari in sake zuba musu, Baba." Ta kuwa zuba. Amma ƙofar ta mayar ta rufe, makullin ya koma bakin zanenta.

Na jira ɗan ƙanwata ya dawo daga tafiya. Na same shi yana wanke ƙafa, na sa shi gaba.

"Kai, ba amana aka ba ka ba?"

"Amana ce, Kawu."

"Haka ake riƙon amana a gidanku? A kulle ta da yaji?"

"Kawu, ai don amana ce muka sa mata kwaɗo. In an bar su a sake, karnukan unguwa za su cinye su, ko su bi wata mota su ɓace. A ciki kuwa ko ba komai mun san inda suke."

Ka ji fa. Wannan magana ta kowane gefe ka taɓa ta santsi gare ta.

"To a ba su abinci mana!"

"In an ba su ba za su koya ba. Kawu, kai ma ka sani. Ka ba su lokaci, yunwa malama ce. Ni kuma ka gan ni, yau ina Maine, gobe ina Tumur, harkar cikin gida ba a hannuna take ba."

Na ce masa yunwa malama ce ga wanda ya taɓa shiga aji. Waɗannan ko ƙofar makarantar ba su sani ba. Ya yi dariya ya ce Kawu ba ya rabo da barkwanci. Wannan ita ce masifar mutumin da ya saba ba mutane dariya: ranar da ya zo da gaske, sai a ce yau ma ya iya.

Na koma kan ƙanwata, don ita ce uwar gida. Ni ba malami ba ne, amma akwai labarin da ko jahili ya sani, na matar nan da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, har abin ya kai ta inda ba a fatan zuwa. Na zauna na feɗe mata shi daga kai har wutsiya, har da ƙarin gishiri nawa na kaina.

Tana jan carbi tana saurare. Da na gama ta ce, "Yaya, yaushe ka zama liman?"

"Gaskiya ba sai liman ba."

"To waccan matar babu ɓera a ɗakinta. Waɗannan abinci yana yawo a gabansu da ƙafafunsa. In mutum ya zauna gaban akushi ya ƙi sa hannu, laifin mai tuwo ne?"

"In ba a buɗe su ba, wallahi zan kai magana gaba."

Carbin ya tsaya. "Gaba ina?"

"Gaban Bulama."

Ta dube ni irin duban da uwarmu take yi mana in mun fasa tulu. "Yaya, ka san abin da malamai suka faɗa a kan mai yanke zumunci, ko shi ba ka ji ba, na kyanwa kaɗai ka haddace? Ka kai ɗana tabarmar Bulama saboda mussa, ka gani. Ranar da na mutu kada ka taɓa makarata."

Na fito ina huci. Tun muna yara haka take, in ka jefe ta da tsakuwa sai ta ramo da turmi.

Daga nan na shiga sata. Matata tana da wani kwando da take ajiye banda, kifin nan mai hayaƙi da ake kawowa daga tafki. Na riƙa zarar kai da jela ina zubawa a aljihu, in tafi gaida ƙanwata. Gaisuwa ta yawaita, har ita kanta ta fara tambaya ko wani ciwo likita ya ce tana da shi aka ɓoye mata. In na zauna kaɗan sai in ɗauki buta in zaga, in kwanta rub da ciki, in tura kifin ta ƙarƙashin ƙofa da tsinke. Farar takan zo ta ja da sauri. Jan kuwa sai ya tsaya yana shinshinawa, yana neman a cire masa ƙaya. Yunwa tana cinsa, amma sarauta ba ta sake shi ba.

A gida matata ta ga banda tana raguwa, ta ɗora wa kyanwar maƙwabta laifi. Ta ajiye muciya kusa da ƙofa tana dakonta. Ka ga aikin nawa: ina ceton biyu, na jawo wa ta uku duka. Da ta zo wanke rigata ta ji aljihun yana ƙarni, ta fito da ita a hannu ta tsaya a kaina.

"Malam, ashe kyanwar tamu da hula take yawo."

Ranar da asirina ya gama tonuwa kuwa, ina kwance rub da ciki bakin mangaza, hula ta faɗi gefe, ina kiran "mus, mus" da ƴar murya, sai na ji shiru ya yi yawa a bayana. Na waiga. Matar ɗan ƙanwata ce da makulli a hannu, da wasu mata da suka zo sayen tattasai, sun jeru suna kallon tafin ƙafata. Ɗaya ta ce, "Sannu Baba, wani abu ya faɗa ne?" Na ce ƙwarai, mutuncina ne, ina lalube.

Washegari na tarar an buga katako a ƙasan ƙofar, ko tsinke ba zai shiga ba. Na tambaya. Matar ɗan nawa ta rusuna ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, kana ɓata musu horo ne. Sun kusa farawa ka mayar da su baya."

Sun kusa farawa! Na kanga kunne a ƙofa. Atishawar ma ta ragu, kuma ba don sun saba ba ne.

A nan ne maganar ta tsaya mini a wuya. Ƙara dai sai an kai, amma wurin wa? Na yi tunanin buro, wato ofishin da ɗan nawa yake aiki. Har na taka na tsaya tsallaken titi ina kallon mai gadi. In na faɗa a can, labari zai bi waya ya iske Anasarar nan, kuma mutanen da suke kuka a kan kyanwa ba za su bar sitiyari a hannun wanda ya kulle ta da yaji ba. Aikin nan kuwa shi ke ciyar da gida guda, har da ƙanwata, har da wasu dangin matarsa da suka gudo daga bakin ruwa suka raɓe a zaurensa. In kashe tukunyar mutane don in cika kwanon kyanwa? Ko wautata ba ta kai nan ba. Na juyo.

Saura Bulama. Shi ba ya korar kowa daga aiki, ba ya ɗaure kowa. Amma tabarmarsa ba ta mantuwa. In ka zauna a gefe guda ɗan'uwanka ya zauna a ɗayan, an gama. Ko da an sasanta, ko da an yi fatiha an sha hannu, duk sunan da za a yi da duk biki, sai wata ta taɓa wata ta ce ga wanda ya kai ɗan ƙanwarsa ƙara can. Jikokinku ma sai sun gaji zancen. Na san gidajen da suka daina aika wa juna tuwon salla a kan abin da bai kai wutsiyar akuya ba.

Na kwana biyu ina juya abin. In na tuna fuskar ƙanwata sai in ce a bar shi, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, dabba ce, Allah ya fi ni sanin halin da take ciki. In na ɗauki loma kuma sai idanun nan huɗu su zo su zauna bakin akushi. Haushi nake ji na kowa. Haushin Anasarar da ta raini dabba ba ta koya mata sana'a ba. Haushin ɗan ƙanwata da ya karɓi abin da ba zai iya ba don kunyar a ce a'a. Haushin matarsa da ladabinta mai kama da ƙofar ƙarfe. Haushin jan muzuru da ɓera yake wuce masa ta gaban hanci. Fiye da duka, haushin kunnena da ya jiyo atishawar tun farko, alhali kiran da matata take yi mini daga madafa ba ya ji.

Da safe na sa rigar Juma'a. Matata ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce tukuna.

Bulamanmu sa'ana ne, tare muka yi iyo a Komadugu, tare muka sha bulalar masu gonar da muke yi wa ɓarna. Yana zaman shari'a a gindin dogon yaro, ƙofar gidansa. Na samu gefe na raɓe. A gabana wani manomi ne da makiyayi, shanu sun shiga fadama sun tattake masa shuka, mutumin yana lissafa asararsa. Bayan su wata mata da ta gudo da ƴaƴanta, tana roƙon inda za ta kafa bukka kafin ruwa ya sauka. Ina ji ina ƙanƙancewa cikin babbar riga. Na lallaɓa na jawo takalmina zan sulale.

"Wushe, wushe!" in ji Bulama, da gaisuwarsu ta Barebari. "Me ya fito da tsohon kada daga ruwa, da rigar Juma'a ranar da ba Juma'a ba? Matso nan."

Na matsa. Na yi gyaran murya. A take na yanke cewa ba zan kama suna ba, zan bi ta bayan gida.

"Ranka ya daɗe, fatawa na zo nema. Wani mutum ne, a wata unguwa, aka ba shi amanar wasu dabbobi."

"Shanu?"

"Ba su kai shanu ba."

"Awaki?"

"Ƙasa kaɗan."

"Kai, faɗi mana, rana tana yi."

"Kyanwa ce, ranka ya daɗe. Guda biyu."

Makiyayin nan da ake tuhuma, wanda tun da aka zauna bai ɗaga kai ba, ya ɗago ya dube ni. Na daure na ci gaba, na faɗi mangaza, na faɗi yaji, na faɗi katakon da aka buga. Bulama yana shafa gemu.

"Wannan wani mutumin, direba ne?"

"Yana iya zama."

"Yana da wani kawu da aka gani kwance rub da ciki yana kiran mus mus?"

Wurin ya ɗauka da dariya, har matar nan mai neman wurin bukka ta rufe baki da gyale. Ashe matan da suka zo sayen tattasai ba tattasai kaɗai suka kai gida ba.

Da dariya ta lafa Bulama ya gyara zama, ya sa muryarsa ta aiki. Ya ce abin da aka yi wa dabbobin nan ba daidai ba ne, kuma in an kawo masa ƙara zai aika a kira mai gidan. "Amma ka san ƙa'ida, ba yau ka zo garin nan ba. Maganar cikin dangi ba ta hawa tabarmata sai ta bi ta hannun babban gidan ya kasa. Wane ne babba a dangin wannan wani mutumin?"

Na fara lissafi a zuci. Ubanmu ya rasu. Ƙannensa sun rasu. Wanmu da ke Fulatari ya rasu bara waccan. Na duba hagu, na duba dama, na duba ƙasa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To alhamdu lillahi, ga mai ƙara ga alƙali a riga ɗaya. Tashi ka je ka kai masa. Ka zaunar da shi ka yi masa bayani a hankali, kada ka bari ya katse ka, na san shi da surutu. In ya kasa ku dawo tare, amma ka gaya masa ranar nan shi zan fara tuhuma."

Na tashi cike da kunya. Ni dai tun da nake ban taɓa ɗaukar kaina babba ba. Babba shi ne wanda in ya shigo ake yin shiru, ni kuwa in na shigo ake fara dariya. Manyan sun zame ɗaya bayan ɗaya, girman ya gangaro ya faɗo kaina ina can ina ba mutane labari a bakin rumfa. Duk wannan rarrafe da satar banda, ashe umarni ne a bakina ban sani ba.

Ban koma gida ba. Da rigar, da sandar, na zarce gidan ɗan ƙanwata. Ban ɗauki buta ba, ban zaga baya ba. Na zauna a zaure na ce a shimfiɗa tabarma, a kira mini mai gidan da matarsa da uwarsa. Labari ya riga ni isowa, kamar kullum. Ƙanwata ta fito fuska a murtuke ta zauna tana ba ni gefen kafaɗa.

"Ka kai shi?" ta tambayi bango.

"Ban kama sunan kowa ba."

"Ai ba sai ka kama ba, gari ya kama maka."

Na buga sanda a ƙasa, yadda na ga ubanmu yana yi. Na ce ba barkwanci na zo ba, a matsayina na babban gidan nan na yanke hukunci: yau, yanzu, a buɗe mangaza a fito da bayin Allah.

Na shirya wa gardama. Har na tanadi amsoshi tun daga hanya. Sai matar ta rusuna ta ce, "To, Baba." Ta kwance makulli daga bakin zane. "Sai dai Baba, in an fito da su a kai su ina? A tsakar gida karnuka, a ɗaki ga jariri."

Ɗan ƙanwata ya sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa, ladabi kamar ba shi ba. "Kawu, maganarka dutse ce. Na yi tunani, ni yaro ne, na karɓi abin da ya fi ƙarfina. Amana kuwa in ta gagari yaro, ai hannun babba take komawa."

Kafin in haɗiye wannan, an miƙo buhun da za a sa su ciki, don kyanwa a buhu ake kai ta sabon gida kada ta gane hanyar komawa. Ba na tattasai ba ne, wani tsohon buhun shinkafa ne, an wanke shi, an shanya, ya bushe, an ninke. Buhu ba ya bushewa tsakanin ƙofar Bulama da zaure. Na dubi buhun, na dubi ɗan, na dubi matar. Ƙanwata ta juyo a karon farko, tana danne dariya.

"Allah ya ja zamanin babban gida," ta ce. "Yaya, a haɗa maka da kwanukan?"

Haka na saɓa buhu a kafaɗa, ni da na yi rantsuwar na bar dako, na ratsa unguwa da rigar Juma'a, kayan suna kuka a bayana, masu shaguna suna yi mini sannu da aiki.

Matata ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Da ta kwance bakin buhu ta ga abin da ke ciki, faɗan ya tsaya. Ta ɗebo ruwa ta wanke musu ido da tsumma, tana yi tana zagin dangina kaf, ba ta tsallake ni ba. Suka rayu. Farar ta fara mayar da jiki, jan ya biyo baya.

Da jiki ya dawo, hali ya dawo. Tuwo ba sa ci. Fura, sai su shinshina su dube ni kamar na zage su. Kifi suke so, shi ma sai an zare ƙaya, kuma ni ne mai zarewa, da idon nan nawa da ba ya ganin ramin allura. Jan ya ƙwace buzun sallata, in na zo tayar da shi sai ya buɗe ido ɗaya. Ɓerayen ɗakina kuwa ko gezau, har na ga kamar sun ƙaru, wataƙila ƴan mangaza sun aiko musu da labarin irin ma'aikatan da na ɗauka. Ɗan ƙanwata yakan biyo ya ɗauki hotonsu da salula ya aika wa Anasara, ta aiko masa da godiya. Shi ake gode wa. Ƙanwata ta dawo yi mini magana, amma ba ta buɗe baki sai ta fara da "Ina kwanan masu gida biyu?"

Wata ranar da tsakar rana ina zaune ina zare ƙaya, gumi yana ɗiga, sai ga ɓera ya fito daga bayan randa, ya bi ta kan wutsiyar jan muzuru, ya ɗauki kan kifin da na ajiye ya yi gaba. Muzurun ya bi shi da kallo, ya yi hamma, ya juyo gare ni yana jiran a kawo wani. Na ajiye kwanon. Idona ya sauka kan ɗan ɗakin da muke ajiye gero, mai ƙofar kwano da sakata. Na ce, ba da kowa nake ba, "Anya kuwa yunwa ƴar kaɗan, ta yini ɗaya haka, ba za ta..."

Matata tana bakin murhu, ko waigowa ba ta yi ba.

"Malam, gidan Bulama dai bai tashi ba, ni ma na san hanya. Kuma ni in na je, suna zan kama."